Ifran, garin dusar ƙanƙara a Maroko: a kai yara ko a haƙura?

Baban Khadija: Assalamu alaikum 'yan zaure. In Allah ya yarda cikin watan Janairu za mu tafi ziyara Fas, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, ni da iyali. Yara sun tasa ni gaba sai an kai su sun ga dusar ƙanƙara, wai akwai wani gari kusa da ake kira Ifran. Waɗanda ke zaune can ko suka taɓa zuwa, ku taimaka da shawara. Akwai nisa? Kuma wasan zamiyar nan da muke gani a hotuna, da gaske ana yi a wurin?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ziyara, a sa mu a addu'a. Ni a Fas nake karatu. Ifran ba ta da nisa, kilomita 65 ne ko kusa da haka, ta hanyar Imuzar Kandar. Akwai manyan taksi masu ɗaukar mutum shida. Tunda da yara kuke, ku ɗauki shata ku biya kujerun duka. Awa ɗaya da wani abu kun isa in hanya a buɗe take. Kuna wuce Imuzar za ku ji kunnuwa na toshewa, saboda Fas a ƙasa take, Ifran kuwa ta haura mita 1,600 a tsaunukan Atlas ta Tsakiya.

Garin ƙarami ne. Gidajen rufinsu a tsaye yake mai tsini, da jan tayil, don dusar ta riƙa zamewa kada nauyinta ya karya rufin. A tsakiyar gari akwai zakin dutse da aka sassaƙa, kowa sai ya tsaya hoto a gabansa.

Shi wasan zamiyar ba a cikin gari ake yi ba. Sai an ƙara gaba kusan kilomita 20 zuwa Mishlifen, wani kwari ne a bakin tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, wajen mita 2,000. Kusa da shi akwai Jabal Habri. Gangaren gajeru ne, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa ba sa ɗaura sandunan nan a ƙafa. Abin zama ake haya a bakin hanya, na katako ko na roba, yaro ya zauna a tura shi ya gangara. Yaranku shi za su fi so. Abu ɗaya dai Alhaji, kada ku yi musu alkawari. Ana iya shafe makonni a Janairu ba dusa ko kaɗan.

Maman Sultan: Alhaji ku kai su. Wallahi gani ya kori ji. Na kai nawa, ƙaramar ta damƙi dusar da hannu ba safa, ta yi tsit tana kallon yadda take narkewa tsakanin yatsunta, can sai ta fashe da kuka saboda zafin sanyin. Da muka saka mata safar hannu kuma ta ƙi barin wurin. Ku sayi kayan sanyi a Fas kafin ku hau, takalmi mai rufi wanda ruwa ba ya shiga shi ne kan gaba, domin ƙafa ce ke fara jiƙewa. Ku guji Asabar da Lahadi, mutanen Fas da Miknas da Rabat duk can suke kwarara in dusa ta sauka, hanya ta cushe. In ta yi yawa kuma jandarmomi na rufe hanya da shinge har sai motar share dusa ta wuce.

Tsabtar garin ta burge ni ƙwarai. Titi fes, lambuna a gyare.

Auta: Ni tambaya gare ni. Ai Mambila ma wajen mita 1,600 take. Me ya sa ba mu taɓa jin dusar ƙanƙara ta sauka a Gembu ba?

Malamin Gembu: Auta ka yi tambaya mai kyau, ɗalibaina ma sukan yi ta. Tsayi kaɗai ba ya kawo dusa. Gaskiya ne duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, amma sai ka duba daga nawa ka fara ragewa. Mambila tana wajen digiri 7 arewa da tsakiyar duniya, rana a kanta take duk shekara. Ifran tana wajen digiri 33, a Disamba da Janairu rana a karkace take zuwar musu, yini gajere, dare dogo.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: mu lokacin sanyinmu lokacin rani ne. Hunturu busasshiyar iska ce daga Sahara, ba ta ɗauke da ruwa. Su kuwa damunarsu da sanyinsu tare suke zuwa. Iska mai laima tana tasowa daga tekun Atilantika, ta ci karo da tsaunukan Atlas, ta hau, ta yi sanyi, ruwan da ke cikinta ya daskare tun a sama ya sauko a matsayin dusa. Abin da ke sauka a Jos da damuna ƙanƙara ce mai tauri daga hadari, ba dusa ba ce. A Ifran ne aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a nahiyar Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifili, ranar 11 ga Fabrairu 1935.

Ɗan Ayar: Malam gaskiyarka. Mu ma a Bagzan, cikin duwatsun Ayar a Nijar, dutse ya kai mita 2,000, da asuba a Janairu kana iya samun ruwa ya daskare a kwano, amma sama garau take, ba gajimaren da zai zubo da komai.

Abu Hafsat: Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Hajiya Maman Sultan ta yabi tsabtar garin da kyansa, ban musa ba. Amma ya kamata Alhaji ya san wa aka gina wa garin nan. Turawan mulkin mallakar Faransa ne suka tsara shi a 1929, don iyalansu su samu inda za su gudu daga zafin Fas da Miknas da bazara, su ji tamkar suna gida. Shi ya sa gidajen suke da siffar ƙauyukan tsaunukan Turai, har da itatuwa da furanni da aka kawo daga can. Har yau ana yi masa kirari da ƙaramar Suwizalan. A cikin tsarin garin ba a ware wa 'yan ƙasa wurin zama ba, alhali su ne masu gadi, masu dafa abinci, masu share lambu. Sai suka kafa tasu unguwar a gefe, bayan kwari, Timdikin, inda ba za a hange su daga gidajen masu gida ba. Mutanenmu da suka san yadda aka raba GRA da sauran gari a Kano ko Kaduna ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Kuma ba a kan fili mara mutane aka gina shi ba. Tun ƙarni na 16 akwai zawiyar Sidi Abdussalam a kwarin Tizgit, ƙasa kaɗan da garin, mutanenta sun fara zama ne a kogunan dutse kafin su yi gini a kai. Makiyayan Amazig, 'yan asalin waɗannan tsaunuka, kuma sun daɗe suna hawa da saukowa da tumakinsu a yankin. Baƙo yana zuwa ya yi hoto da zaki ya koma, bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Maman Sultan: Malam Abu Hafsat na ji ka, amma Faransawa sun tafi tun 1956. Yanzu waɗanda na gani cike da wurin 'yan Maroko ne, talakawa da masu hali, mata da jallabiyar ulu suna dafa shayi a gefen mota. Don Bature ya gina abu sai mu ce ba za mu ji daɗinsa ba? To ai layin dogon da zai kai Alhaji Fas daga Kasabalanka ma su suka fara shimfiɗa shi.

Abu Hafsat: Hajiya ban ce kada a je ba. Cewa nake Bature ya tafi, rabon bai canza sosai ba. A cikin gari akwai fadar sarki, akwai otal na alfarma, akwai gidajen hutu na ma'aikatu da manyan mutane da ke rufe mafi yawan shekara. Ka fita kilomita kaɗan ka tarar da ƙauyen da in dusa ta sauka hanyarsa ta yanke kwana da kwanaki. Mace mai naƙuda a ɗauke ta a kan alfadari. Kuɗin itacen ɗumama ɗaki yana cinye abin da magidanci ya tara. A sanyin 2006 zuwa 2007 yara da dama suka rasu a ƙauyen Anfgu, can cikin tsaunukan Atlas, abin ya girgiza ƙasar. Har yanzu duk shekara gidauniyar Muhammad na Biyar tana raba barguna da kayan abinci a ƙauyukan dutse, sojoji kuma na kafa asibitin tanti. Dusar da yaranmu za su yi wasa da ita, wani uban kwana yake yi yana addu'ar ta tsaya.

Ɗan Damagaram: Yaya Abu Hafsat abin da ka faɗa haka yake, na gani da idona. Amma akwai ɗaya gefen. Samarin da ke ba da hayar abin zamiya a bakin hanyar Mishlifen 'yan waɗannan ƙauyukan ne. Da mai doki da ke ɗora yara, da tsohuwar da ke sayar da miyar wake ta bisara mai zafi da burodi, da mai gyaɗa. Na zauna da wani daga cikinsu wata rana muna jin ɗumin garwashi a cikin gwangwani, hannayensa duk sun tsage. Ya ce shekarar da dusa ba ta sauka ba ita ce baƙar shekara a gidansu, domin ba baƙi, ba ciniki, kuma da bazara ba ciyawa. Shi ba ya addu'ar ta tsaya. Hanya yake so a gyara, a kawo motar share dusa ƙauyensu kamar yadda ake kai ta ƙofar otal.

Abu Hafsat: To ai magana ɗaya muke yi ƙanena. Motar share dusar wa take fara yi wa aiki?

Hajiya Babba: Ku dakata da siyasa tukuna. Na ji an ce akwai jami'a a garin da ake karatu da Turanci. Jikana ya gama sakandare, Faransanci ne ke ba mu tsoro a Maroko.

Ɗan Damagaram: Haka ne Hajiya, Al-Akhawain sunanta. An buɗe ta a Janairun 1995. 'Yan'uwa biyun da sunan ke nufi su ne Sarki Hassan na Biyu na Maroko da Sarki Fahad na Saudiyya. Kuɗin da aka fara ginin da su Sarki Fahad ne ya bayar don a share man da wani jirgin dakon mai ya zubar a teku kusa da gaɓar Maroko. Iska ta kore man bai iso gaɓa ba, sai aka juya kuɗin zuwa jami'a. Tsarin Amurka take bi, da Turanci ake koyarwa, ɗalibai a cikin makaranta suke kwana. Sai dai ta kuɗi ce, kuma kuɗin ba kaɗan ba. Mu da muka zo da tallafin gwamnati jami'o'in gwamnati ake tura mu, da Faransanci ko Larabci. In da hali, wuri ne mai natsuwa, ba hayaniyar birni. A shirya masa kayan sanyi sosai.

Auta: Kuma a nan ne 'yan tsere ke atisaye ko? Na taɓa ji.

Malamin Gembu: Nan ne. Hisham El Garruj, wanda ya ci zinare biyu a Atina a 2004, a tseren mita 1,500 da na 5,000, a Ifran ya riƙa atisaye. A tudu iska ba ta da kauri, jiki sai ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, in ɗan tsere ya sauko ƙasa numfashinsa ya fi na abokan karawarsa. A ganina wannan ne abin da garin ya fi ba Maroko a fagen wasa, ba zamiya ba. Wanda ya ciyo musu zinare a zamiya a gasar matasa ta hunturu a Innsbruck a 2012, Adam Lamhamedi, a Kanada aka haife shi, can ya koya. Abin da ke ci mini rai shi ne Mambila da Jos suna da tudun da za a yi irin wannan, yaranmu na Filato suna gudu a kan duwatsu ba mai kula da su.

'Yar Miknas: Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku, bari in sa baki, domin harkar ruwa nake karanta a nan. Duk muhawarar ta tsaya a kan wa ke jin daɗin dusa, wa ke shan wahalarta. Ni abin da ke damuna ita kanta dusar tana raguwa, kuma ba masu zamiya ne za su fi ji a jikinsu ba.

Duwatsun yankin Ifran na farar ƙasa ne, duk ramuka da tsaguwa a cikinsu. Ruwan sama in ya zo da ƙarfi yakan gudu ya bi kwari ya tafi. Dusa kuwa zama take yi, ta riƙa narkewa a hankali mako bayan mako, ƙasa tana sha. Rumbu ce, ana ajiya da sanyi a ci da bazara. Wannan ruwan ne ke ɓullowa a maɓuɓɓuga, shi ne ke gangarawa ta ƙarƙashin ƙasa zuwa filin Sayis inda Fas da Miknas suke, kuma manyan koguna irin su Sabu da Ummur Rabi'a daga Atlas ta Tsakiya suke tasowa. Wato ruwan da Alhaji zai yi alwala da shi a Fas yana da alaƙa da dusar da yaransa ke son gani.

A kan hanyarku, tsakanin Imuzar da Ifran, akwai tafkin Dayat Awa. Da can mutane na hawa ƙananan jiragen ruwa a cikinsa, tsuntsaye na sauka. A shekarun farin nan ya ƙafe ƙaf, na taka tsakiyarsa da ƙafata, ƙasa ta tsattsage, dawakin haya na yawo inda ruwa yake a da. Fari ne sanadi na farko, amma ba shi kaɗai ba. An cika yankin da gonakin tuffa, kowace gona da rijiyar burtsatse, ana zuƙo ruwan ƙasa fiye da abin da ke shiga. Ko shekara ta yi kyau ruwa ya dawo, in ba a rage zuƙar ba zai sake tafiya.

Kun tuna a Fabrairun 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'a su haƙura da layya a shekarar? A lokacin dabbobin ƙasar sun ragu da kashi 38 cikin 100 idan aka kwatanta da 2016, saboda fari na shekaru a jere. Tumakin Timahdit da ake ji da su a Maroko daga wannan tudun suke, kudu da garin Azru da ke kusa da Ifran. Ciyawar da suke ci da bazara dusar hunturu ce ke shayar da ita.

Baban Khadija: Subhanallah. Na ji labarin layyar a rediyo, ban taɓa haɗa shi da wannan ba. Allah ya yi miki albarka 'yata.

Abu Hafsat: Malama kin kawo abin da ya fi nawa nauyi. Sai dai ko a nan tambayata tana nan. Gonakin tuffar na wa ne? Makiyayi mai tumaki talatin ba shi ke haƙa rijiya mai zurfi ba.

'Yar Miknas: Akwai manyan masu jari, gaskiya ne. Amma akwai ƙananan manoma da yawa da suka bar alkama da sha'ir suka koma tuffa saboda ita ce ta biya musu kuɗin makarantar yara. Ba zan iya zaginsu ba. Matsalar ita ce kowa na haƙa tasa, mai ƙarfi ya fi zurfafawa, rijiyar mara ƙarfi ta riga ƙafewa. Ba a magance wannan da roƙo, sai da doka a kan yawan abin da kowa zai ja, kuma a bi ta a kan babba kafin ƙarami.

Maman Sultan: Ni dai ban janye ba, a kai yara. Yaron da ya taɓa dusa da hannunsa shi zai gane abin da Malama ke faɗa in ya girma. Alhaji in kun je ku wuce dajin Azru ku ga birai, kilomita 17 ne daga Ifran. Itatuwan al'ul ne, da suke kira arz, manya-manya, wasu sun yi ɗaruruwan shekaru.

'Yar Miknas: Ku gan su, amma don Allah Hajiya kada a ba su abinci. Masu sayar da gyaɗa a wurin za su matsa muku. Biran nan marasa wutsiya a Maroko da Aljeriya kaɗai suka rage a daji, sai 'yan kaɗan a Jabal Tariƙ, kuma tun 2008 suna cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Ba su abinci na jawo su bakin titi mota ta buge su, yana kuma sa su saba da mutum har a samu damar sace 'ya'yansu a sayar. An mai da dajin gandun da gwamnati ke karewa tun 2004, amma masu gadi ba sa isa ko'ina.

Malam Na Zawiya: Alhaji, abu biyu na ibada tunda sanyin wurin ba irin namu ba ne. Dusa in ta narke ruwa ne mai tsarki, ana alwala da shi. In kana da huffi na fata, ka yi cikakkiyar alwala a masauki ka saka shi, ka riƙa shafa a kai, ya fi maka sauƙi da cire takalmi a cikin sanyi. Sannan ku lura da lokaci, yini gajere ne a Janairu, la'asar da magariba kusa suke. Ku sauko daga Mishlifen da sauran rana, hanyar tana santsi in duhu ya yi.

Ɗan Ayar: Ɗan Damagaram, mutanen ƙauyukan nan in na yi musu Tamajak, harshen Buzaye, za su ji?

Ɗan Damagaram: Za ku tsinci kalmomi nan da can, harsunan dangi ne, amma hira ba za ta yi tsawo ba. Su Tamazigt ta Atlas suke yi, samarinsu kuma duk suna jin Larabcin Maroko. In kana son ka gan su a natse, ba a bakin hanyar Mishlifen ba, ka je kasuwar Azru ranar Talata. Nan makiyaya ke saukowa da tumaki da alfadarai, matan ƙabilar Bani Mgild kuma na kawo dardumar ulu mai kauri da suke saƙawa don kwanciya a kai da sanyi. Alhaji in ranakunku sun dace, ku haɗa tafiyar da Talata: da safe kasuwa, da rana Mishlifen in akwai dusa. In Hajiya za ta sayi darduma, ta saya a hannun matar da ta saƙa ta, ta fi ta shagunan Fas araha, kuma kuɗin hannun mai aikin zai shiga. Ku fita da wuri, kasuwar tana fara watsewa bayan azahar.